Hannun Birki Biyu, Hali Biyu: Yadda Ake Gane Ƙarfin Sanholo Kafin Ya Ba Ka Kunya

Damina biyu da suka wuce, yayana ya zame da babur a wani kwazazzabo tsakanin Runka da Batsari. Shi bai ji ciwo ba, amma hannun birkin gaba ya lanƙwashe kamar lauje. Bakanike ya cire shi, ya ɗaura masa wani sabo mai araha, fari tas, har ya fi na asalin ƙyalli. Ba a cika wata uku ba, wata ranar kasuwa saniya ta faɗo masa kan hanya, ya damƙe birki da ƙarfi, sai ji ya yi ƙas! Rabin hannun birkin ya rage a tafinsa. Allah ya kiyaye, birkin ƙafa ya cece shi, ya tsira da gurjewa a gwiwa.

Da na je gida hutu, sai ya ɗauko su duka biyun, tsohon da ya lanƙwashe da sabon da ya karye, ya zube mini a kan tabarma. Ya ce, "To ɗan boko, ku da kuke karatun ƙarfe, mi ya sa wannan ya tanƙware, wancan ya ɓalle kamar karan dawa? Ba duka sanholo ba ne?"

Na ce, "Yaya, sunansu ne ɗaya." Na sa su a jaka na tafi da su Zariya.

Tambayar tasa ita ce wannan rubutu zai amsa, domin ta shafe ka kai ma, mai karatu. Ko ba ka da babur, akwai tukunyar da ake yi maka tuwo a ciki, akwai ludayi, akwai injin ban ruwa a fadama. Duka wannan farin ƙarfe ne marar nauyi, wanda wasu ke kira sanholo, wasu goran ruwa, 'yan boko kuma su ce alminiyam.

Kama da wane ba ta wane

Abu na farko da ya kamata ka riƙe shi ne, da wuya ka taɓa riƙe sanholo zalla a hannunka. Zallarsa laushi gare shi, ƙusa ma tana yi masa zane. Don haka masana'antu ke gauraya shi da wasu ƙarafa, kowane gami da aikin da aka nufe shi da shi, kuma kowanne da lambarsa kamar lambar mota.

Wayar wutar lantarki, lambarta 1350, kusan zalla ce: kashi 99.5 cikin 100 sanholo ne. Jikin gwangwanin lemo, mai lamba 3004, akwai manganis da magniziyam kusan kashi ɗai-ɗai. Ƙarfen taga da ƙofa, 6063, ɗan magniziyam ne da ɗan silikon. Fistin ɗin mota da na babur kuwa, silikon ɗin da ke cikinsu yakan kai kashi 12, wani lokaci ya wuce. Shi silikon ɗin nan, shi ne sinadarin da ke cikin yashi da gilashi. Na jirgin sama, irin su 7075, tutiya ce da magniziyam da tagulla a ciki.

To ina masu zubin tukwane da kayan gyara na ƙasarmu ke samun nasu? Wurin 'yan gwangwan. Najeriya ta gina babbar masana'antar narko sabon sanholo a Ikot Abasi ta jihar Akwa Ibom, ta fara aiki a 1997, ta tsaya a 1999, kuma tun daga nan ba ta miƙe yadda aka tsara ba. Don haka abin da ke hannunmu ko dai shigo da shi aka yi, ko kuma tsohon ƙarfe ne aka sake narkarwa. Ka leƙa Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Katako a Yamai, za ka ga tulin fistin da gwangwani da waya da murfin inji, kaya guda.

Wannan sana'a ba abin rainawa ba ce. Sanholo yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Selshiyos, yayin da baƙin ƙarfe sai ya haura 1,500, shi ya sa gawayi da zugazugi ko ƙaramar fanka suka isa. Sake narkar da tsoho kuma yana cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na makamashin da ake ƙonawa wajen haƙo sabo daga ƙasa. Matsalar ɗaya ce: idan aka zuba waya da fistin da gwangwani a kasko guda, abin da zai fito ba shi da lamba. Zubin safe daban, na yamma daban, ko da mutum ɗaya ne ya yi su.

Ta yaya za a gane halin ƙarfen da ba shi da lamba? Hanya biyu ce. Ta farko, ka lura da yadda yake yi idan ana yankansa. Ta biyu, ka wahalar da shi da gangan har ya karye, kana aunawa.

Abin da ƙarfe ke faɗa a bakin inji

Ka taɓa tsayawa a shagon masu sassaƙa ƙarfe, inda inji ke juya ƙarfe da gudu, wani ƙaramin baki mai kaifi yana fere shi kamar ana fere rake? A nan ake gyara mazaunin boris, a yi zare, a daidaita abin da aka zuba. Kowa zai zaci tunda sanholo ya fi baƙin ƙarfe laushi, ai ya fi sauƙin aiki. Gaskiya ne ta wani ɓangare: ana iya yankansa da gudun da ya ninka na ƙarfe sau uku ko fiye, kuma inji ba ya nishi. Amma yana da nasa rigimar, kuma ta kasu huɗu.

Ta farko danƙo. Sanholo mai laushi, irin na waya da gwangwani, ba ya yankuwa tsaf, jawuwa yake yi kamar alewa. Zafi da matsi sukan sa wani ɓangare nasa ya manne a kan bakin yankan, ya taru, har ya zama shi ne ke yankan maimakon bakin. Can sai ya ɓalle, ya karce fuskar aikin, wani ya sake taruwa. Ka ga aiki ya fito da kaushi kamar harshen kyanwa, mai injin yana ta wasa baki a banza. Maganinsa baki mai kaifi sosai kuma mai santsi, a ƙara gudu maimakon a rage, a kuma riƙa ɗiga kananzir ko man yanka. Kananzir ɗin da ka ga tsofaffin ma'aikata na shafawa da buroshi, ba camfi ba ne, yana hana mannewar.

Ta biyu ɓawon da ke fita. Mai laushi yana fitar da ɓawo dogo kamar igiya, ya naɗe aikin, ya naɗe bakin, wani lokaci ya yanki yatsa. Mai silikon da yawa kuwa ɓarɓashi yake fitarwa, gajeru, masu zubewa ƙasa. Don haka tun kafin kowane gwaji, ɓawon ya ba ka labari: dogo mai ƙyalli, ƙarfen na da jurewar lanƙwasa, gari-gari mai launin toka, ƙarfen na da tauri amma zai iya zama mai saurin ɓallewa.

Ta uku cin baki. Silikon ba ya narkewa ya ɓace a cikin daskararren sanholo, yana zama ne ƙanana-ƙananan ƙwayoyi masu tsananin tauri, tamkar tsakuwa a cikin tuwo. Tuwon da laushi, amma tsakuwar ce ke karya haƙori. Shi ya sa mai inji zai yi yini yana fere ƙarfen taga bakinsa lafiya lau, amma ya ɗora abin da aka zuba da fistin, nan da nan baki ya dakushe. A masana'antun ƙera injin mota, irin wannan gami da baki mai lu'ulu'u ake yankansa.

Ta huɗu zafi da mayar da kai. Sandar sanholo mai tsawon mita ɗaya, idan zafinta ya ƙaru da digiri 100, takan ƙara tsawon milimita 2.3, ta ƙarfe kuma 1.2 kacal. Wato ninki biyu. Ɗauki mazaunin boris mai faɗin milimita 50. Idan ka auna shi da zafinsa, yana sama da na ɗaki da digiri 40, to bayan ya huce zai tsuke da kusan milimita 0.05, kwatankwacin kaurin silin gashi. Wannan ɗan abin ya isa ya sa boris ya ƙi shiga, ko ya riƙa wasa. Sannan sanholo ya fi ƙarfe saurin dannuwa sau uku, idan ka matse shi da ƙarfi a inji zai lotsa, ka yanka shi daidai, kana kwance shi ya mayar da kansa, da'irar ta koma ƙwai. Gwanin ma'aikaci yakan sassauta matsin kafin yankan ƙarshe, ya kuma bari aikin ya huce kafin ya auna.

Akwai gargaɗi ɗaya a nan. Kada a wasa sanholo a kan dutsen injin wasa ƙarfe na yau da kullum. Yana toshe ƙofofin dutsen, dutsen ya ɗau zafi, kuma yana iya tarwatsewa yana cikin juyawa.

Yadda muke wahalar da shi a ɗakin gwaji

Ido da kunnen ma'aikaci suna ba da alama. Injiniya kuwa lamba yake so. Gwaji huɗu ne aka fi yi.

Na farko shi ne ja. Ana sassaƙa ƙarfen ya zama kamar kalangu, kai biyu masu kauri, tsakiya siririya. Inji ya kama kawunan biyu yana ja a hankali, yana rubuta ƙarfin da aka sa da kuma yadda sandar ke ƙara tsawo, har ta tsinke. Abu uku muke karantawa: nauyin da ya sa ta fara miƙewar da ba ta komawa, nauyin da ya tsinka ta, da kuma yawan miƙewar da ta yi kafin ta tsinke.

Bari mu mayar da lambobin buhunan masara mai kilo 100. Ka ɗauki sanda mai kaurin ɗan yatsa, santimita ɗaya ta kowane gefe, ka rataya mata kaya. Ta sanholo kusan zalla za ta tsinke a wajen buhu 9. Ta gamin 6061 da aka gasa yadda ya kamata za ta kai buhu 31. Ta 7075 kuwa wajen buhu 57, ta zarce ƙarfen gini na gama-gari, alhali nauyinta sulusin nasa ne. Duka ukun sunansu sanholo.

Amma lamba ta uku ita ce ta shafi yayana. Sanholo mai laushi yakan ƙara fiye da kashi 30 cikin 100 na tsawonsa kafin ya tsinke. Gamin 6061 yakan yi sama da kashi 10. Gamin zubi mai silikon kuwa, ko wanda aka yi a masana'anta, sau da yawa kashi 1 zuwa 3 ne kawai. Wannan miƙewar ita ce gargaɗin da ƙarfe ke ba ka. Wanda ke da ita zai lanƙwashe ka gani, ka canza shi. Wanda ba shi da ita ba ya sallama.

Na biyu gwajin tauri. Wani injiniyan ƙasar Suwidin, Johan August Brinell, ya fito da shi a 1900. Ana danna ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 10 a kan fuskar sanholo da nauyin kilo 500, sai a auna faɗin lotsawar da ya bari. Ƙaramin rami, ƙarfe mai tauri. A wannan ma'auni, zalla yana wajen 23, gamin 6061 wajen 95, gamin 7075 wajen 150. Gwajin yana da sauƙi, ba ya ɓata kaya sosai, amma a kula: tauri daban, juriya daban. Gilashi ya fi sanholo tauri, amma wa zai yi hannun birki da gilashi?

A kan wannan gwajin ne aka yi wata dace da ta canza duniya. A 1906, wani Bajamushe mai suna Alfred Wilm ya gasa gamin sanholo da tagulla, ya tsoma shi a ruwa kamar yadda maƙeri ke yi wa wuƙa, ya auna bai ga wani ƙarin tauri na kirki ba. Bayan kwana biyu ya sake aunawa, sai ya tarar ƙarfen ya yi tauri da kansa yana ajiye. Daga baya aka gano cewa tagullar ce ke taruwa a hankali cikin mitsi-mitsin dunƙulen da ido ba ya gani, su kuma su hana ƙarfen zamewa. Da irin wannan gami aka ƙera wasu daga cikin jiragen sama na ƙarfe na farko. Darasin da ke ciki gare mu shi ne, ƙarfin irin waɗannan gami a gashi yake. Wuta ta ba shi, wuta kuma tana karɓewa. Idan mai walda ya taɓa 6061, wurin da ya ɗau zafi yakan rasa sulusin ƙarfinsa ko fiye. Idan aka narkar da shi kuwa, an shafe tarihinsa gaba ɗaya.

Na uku gwajin duka, wanda ake jingina wa Bafaranshe Georges Charpy tun 1901. Ana ɗaukar 'yar sanda mai tsawon milimita 55, a yi mata tsaga a tsakiya, a saki wata ƙatuwar guduma mai lilo ta doke ta. Idan gudumar ta karya ta ta wuce sama can, sandar ba ta sha ƙarfin dukan ba, gautsi gare ta. Idan gudumar ta wuce da ƙyar, sandar jaruma ce. Wannan shi ya fi kama da abin da ke faruwa idan babur ya faɗi, ko tukunya ta suɓuce daga kan murhu.

Na huɗu gwajin gajiya. Ka ɗauki waya ka lanƙwasa ta gaba da baya, ka san ƙarshenta. Ƙarfe na iya karyewa da nauyin da bai kai rabin ƙarfinsa ba, muddin ana ɗora masa ana saukewa sau dubbai ko miliyoyi. Yau da gobe ba ta bar komai ba. A nan sanholo ya bambanta da ƙarfe: shi ƙarfe yana da wani mizani wanda idan nauyi bai kai shi ba, kusan ba zai gaji ba har abada, sanholo ba shi da wannan tabbacin. Duniya ta koyi wannan da tsada a 1954, lokacin da jiragen fasinja biyu samfurin Comet, ƙirar Ingila, suka tarwatse a sama kusa da Italiya, ɗaya a Janairu, ɗaya a Afrilu. Masu bincike suka nutsar da gangar jikin wani jirgin a cikin tankin ruwa, suna ƙara matsi suna ragewa sau dubbai, har ya tsage daga kusurwar wata kafa. Tsagar gajiya kullum daga wani aibi take farawa: kusurwa mai kaifi, zanen baki, ko rami.

Abin da na gani a ƙarƙashin madubi

Mu koma ga hannun birkin yayana. Na yanki kowanne, na goge fuskarsa har ta zama kamar madubi, na sa a na'urar ƙara girman abu.

Tsohon da ya lanƙwashe, cikinsa a cike yake, ƙwayoyinsa ƙanana, iri ɗaya. Sabon kuwa abu uku na gani.

Ramuka, kamar cikin burodi. Narkakken sanholo yana shan iskar haidurojin, wadda yake samu daga danshi: jiƙaƙƙen gwangwani, baƙin mai, fenti, yashin zubi mai ruwa da yawa. Da ya zo daskarewa, abin da zai iya riƙewa na iskar yana raguwa kusan ninki 20, sai ragowar ta zama kumfa ta maƙale a ciki. Kuma gwargwadon yadda aka zafafa narkin fiye da kima, gwargwadon iskar da zai sha.

Sai wasu dogayen abubuwa kamar allurai. Baƙin ƙarfe ke nan. Idan aka narkar da sanholo a kaskon ƙarfe, irin tsohuwar tukunyar gas da aka yanke, sanholon yana cin jikin kaskon a hankali. Ƙara da ƙusoshi da zoben fistin da ba a cire ba, da kuma murfin inji, wanda tun daga masana'anta yakan zo da ƙarfe kusan kashi ɗaya. Ƙarfen nan yana haɗuwa da sanholo da silikon ya zama faifai masu kaifi da gautsi, tsaga kuma ta bi su kamar yadda ruwa ke bin kwata. Gamin zubi mai kyau irin A356, wanda ake tayar mota da shi, ba a yarda ƙarfe ya wuce kashi 0.2 a cikinsa ba.

Na uku wasu baƙaƙen layuka a naɗe. Wannan fatar saman narki ce. Sanholo yana haɗuwa da iska nan take ya yi wata siririyar fata, wadda ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 2,000. Idan aka motsa narkin da ƙarfi, ko aka zuba daga sama yana fantsama, fatar sai ta naɗe ta shige ciki. Tsaga ce aka haifi kayan da ita.

Ka ga amsar yayana ke nan. Ba ranar kasuwar nan hannun birkin ya fara karyewa ba. Tun daga kasko ya taho da ramukansa, kowace damƙa tana ƙara buɗe su, saniya ta zo ta ƙarasa.

Ba a nan gizo ke saƙar ba

Akwai wani abu da ya haɗa injin sassaƙa da tukunyar girki, kuma ya fi karyewa haɗari.

Ka tuna matsalar ɓawo mai tsawo? Tun da daɗewa masana'antu suka samo mata dabara: a zuba 'yar dalma a cikin gamin. Gamin 2011, alal misali, yana ɗauke da dalma kashi 0.2 zuwa 0.6. Dalma ba ta shiga jikin daskararren sanholo, tana zama ne ɗigo-ɗigo, kuma tana narkewa a digiri 327 kacal. Zafin yanka sai ya tausasa ɗigon, ɓawo ya riƙa karyewa gajeru-gajeru, aiki ya fito sumul. Ga mai inji wannan ni'ima ce. Amma idan wannan ƙarfen ya tsufa ya faɗa buhun 'yan gwangwan, tare da lagireto mai ɗauke da liƙin dalma, da kan batir, da tsohon fenti, ina kake zaton zai ƙare? Wasu dama tukunyar dalma suke kiran tukunyar zubi, duk da cewa sanholo ce. Abin tsoro shi ne wani lokaci sunan yakan zo daidai.

Masu bincike ƙarƙashin Jeffrey Weidenhamer na Jami'ar Ashland a Amurka sun gwada tukwanen zubi na Kamaru a 2014, suka ga suna sakin dalma. A 2017 suka faɗaɗa aikin zuwa kayan girki 42 daga ƙasashe 10, suna tafasa ruwa mai ɗan tsami a ciki na awa biyu. Guda 15 suka saki dalmar da ta kai a damu, guda 40 kuma suka saki sanholon da ya wuce mizanin Hukumar Lafiya ta Duniya. Mu 'yan arewa maso yamma ba baƙin wannan guba ba ne. A 2010, dalmar da ke cikin duwatsun zinare ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, maƙwabtanmu. Abin da tukunya ke saki bai kama ƙafar wancan ba, amma kullum ake ci, kuma likitoci ba su san wani adadin dalma da ba ya cutar da ƙwaƙwalwar yaro ba.

Abin da ke jawo ƙarafan nan daga jikin tukunya shi ne tsami da kanwa. Tsamiya, tumatir, zoɓo, yakuwa, lemun tsami, duka suna cin siririyar fatar da ke kare sanholo. Kanwa ma haka, shi ya sa cikin tukunya ke yin baƙi bayan an dafa wake da ita.

To me za a yi?

Idan kai mai zubi ne, babbar riba tana cikin tsince kaya. Na girki a yi su da tsofaffin tukwane da waya da ƙarfen taga. Kayan inji a bar su ga abin da ba a ci a ciki. Abin da ka ɗaga ka ji ya yi nauyi fiye da girmansa, gamin tutiya ne ko dalma, ka ware shi. Wanda ya cika rashin nauyi, ka karce shi ka ɗiga masa ruwan khal, idan ya yi kumfa magniziyam ne, kada ya shiga wuta, domin gobararsa ruwa ba ya kashe ta. Ka busar da komai a gefen murhu kafin ya shiga kasko. Ban da ramuka, ɗigon ruwa a cikin narki yana iya watso maka shi a fuska. Ka shafe cikin kaskon ƙarfe da yumɓu ya bushe. Kada ka bar narki yana jira a wuta, digiri 700 zuwa 750 ya wadatar. Ka kwashe fatar sama, ka zuba a hankali daga kusa. Sannan a kowane narki ka zuba 'yar sanda kamar yatsa, ka matse ta, ka doke ta da guduma. Idan ta ɗan lanƙwashe kafin ta karye, kuma bakin karayar ya fito da laushin ƙwaya, madalla. Idan ta ɓalle nan take, ka ga ramuka ko faifai masu ƙyalli, kada wannan narkin ya zama abin da rai zai dogara da shi.

Idan kai mai saye ne a kasuwar Runka ko Batsari ko Dutsin-Ma, ka rataye tukunyar a yatsa ka ƙwanƙwasa. Mai lafiya tana amo, mai tsaga muryarta a dushe take. Ka shafa cikinta, ka guji mai ramuka da wadda aka cike wa huji. Sabuwa a tafasa ruwa a ciki a zubar kafin a fara girki, kada a riƙa kankare cikinta har ya yi ƙyalli, kada miya mai tsami ta kwana a ciki, zoɓo da kunun tsamiya kuma a nema musu tukunyar ƙasa ko ta silba. Sai dai ka sani, amo da shafa ba sa nuna dalma. Wannan sai na'ura, akwai ma ta hannu mai aiki da haske irin na hoton ƙashi, wadda ke faɗin abin da ke cikin ƙarfe cikin 'yan daƙiƙu. Aiki ne da jami'o'inmu da kwalejojin fasaha, daga Dutsin-Ma da Katsina har Zariya, za su iya yi tare da ƙungiyoyin masu zubi, kuma da ɗalibanmu sun sami batun bincike mai amfani a ƙofar gida.

Idan kuma babur gare ka, ka bambanta abin da zai karye ka yi asarar kuɗi da abin da zai karye ka yi asarar ƙafa. Murfi da madafin kaya, a yi arahar. Hannun birki da tayar sanholo da maɗaurin kan babur, a nemi na kirki. Wanda ya lanƙwashe ma kada a miƙe shi a mayar, ya riga ya kashe juriyarsa wajen cetonka.

Da na koma gida na nuna wa yayana hotunan a waya. Ya daɗe yana kallon ramukan nan, sannan ya ce, "Wato da burodi nake taka birki wata uku?" Washegari ya tura kuɗi Katsina aka sayo masa na asali. Guntayen biyu kuwa suna nan a kan teburina, ɗaya a lanƙwashe, ɗaya gida biyu, ina nuna wa ɗalibai kafin mu kunna injin gwaji.